ZUBEWAR GASHI GA IYAYENMU MATA: ABIN DA KE KAWO TA DA YADDA AKE MAGANCE TA

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, darasinmu na yau a kan gashin kan iyayenmu mata ne, waɗanda sunka haura shekara arba'in da biyar. Tambayoyi sun taru a kan wanga al'amari daga Jega da Aliero da Maiyama, kuma mafi yawa ɗiya ne ko mazaje ke tambaya a madadin masu matsalar. Kunya ce ke kawo haka. Mace takan shekara biyar tana ɓoye kanta ƙarƙashin ɗankwali, ba mai gani sai makitsiya, har lokacin da magani zai yi aiki ya wuce.

Zubewar gashi ba ta kisa. Amma sau da yawa saƙo ce daga cikin jiki: jini ya yi ƙasa, ko maƙoƙo ya taɓu, ko wata cuta na ɓoye. Wata irin zubewar kuma in anka bar ta ta yi tabo, gashin wurin ya tafi ke nan har abada. Don haka a karanta da natsuwa, a kuma karanta wa Inna da Hajiya in ba su karatun boko.

*YADDA ALLAH YA TSARA GASHI*

A kan mutum akwai gashi wajen 100,000. Kowane sili yana da nasa rami a cikin fata, can ne saiwarsa take, jini ke ciyar da ita. Silin yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kusan santimita 1 a wata. Daga nan ya tsaya ya huta kamar wata 3, sannan ya faɗi, sabo ya fito daga wannan ramin. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba cuta ba ce.

A lura da wannan: matar da ta yi sati 3 da kitso, duk gashin da ya saki a cikin kwanakin nan yana maƙale cikin kitson. Ranar tsifa zai fito gaba ɗaya ya cika tafin hannu. Wannan kaɗai kada ya tayar da hankali. Abin dubawa shi ne kan kansa: shin fata ta fara bayyana? Tsaga ta ƙara faɗi? Jelar kitso ta sirance?

*KAFIN MAGANI, A GANE IRIN CUTAR*

A ɗauki silin da ya faɗo a ɗora kan farin ƙyalle. In yana da tsawo, kuma a gindinsa akwai ɗan farin kai kamar ƙwayar gero ƙarama, daga saiwa ya fito, a nemi dalili a cikin jiki. In guntaye ne ba farin kai, to karyewa yake yi, laifin yana ga bushewa ko mataji ko man da ake sa mishi.

Sannan a sa wata amintacciya ta duba kan a cikin hasken rana, ta faɗi inda ya ragu:

• Tsakar kai, tsaga na faɗaɗa a hankali, gaban goshi na nan: yawanci shekaru ne da gado.
• Ko'ina a kan lokaci guda: rashin lafiya, ƙarancin jini, maƙoƙo ko magani.
• Gaban goshi da saman kunnuwa: jan kitso.
• Wuri guda zagaye kamar kwabo, sumul: wata cuta ce daban, za mu zo kanta.
• Tsakar kai na sheƙi, da ƙaiƙayi ko zafi: tabo ke shiga, wannan ba ta jira.

*DALILI NA 1: SHEKARU DA ƊAUKEWAR AL'ADA*

Mafi yawan mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. A lokacin sinadarin mace da ke cikin jini, wanda likitoci ke kira istirojin, yana raguwa ƙwarai. Shi ne ke tsawaita kwanakin da gashi ke yi yana girma. In ya ragu sai ramukan gashi su tsuke, kowane sabon sili ya fito ya fi na baya siranta da gajarta. Mace ba ta cika yin sanƙo tal irin na namiji ba, sai dai kan ya yi shara-shara. Gado na da hannu sosai, ta wajen uwa ko ta wajen uba.

A nan sai mu faɗa wa juna gaskiya. A hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi sunka ruwaito, Manzon Allah (S.A.W) ya yi umurni da neman magani, ya kuma bayyana cewa kowace cuta tana da magani ban da tsufa. Aya ta 54 a Suratur Rum ma ta nuna mana bayan ƙarfi akwai rauni da furfura. Duk wanda ya ce miki yana da man da zai mayar da kan 'yar shekara 60 irin na 'yar 20, kuɗinki yake so. Abin da ake iyawa shi ne rage saurin zubewar, a tsare wanda ya rage, a kuma gyara sauran dalilan da ke hawa kan shekarun, don su suna da magani.

*DALILI NA 2: ƘARANCIN JINI*

Wannan shi ne wanda aka fi mantawa da shi a ƙasarmu. Matar da ta haihu 8 ko 10, ta shayar da su duka, sannan gab da ɗaukewar al'ada jini ya riƙa zuba da yawa, ajiyar sinadarin ƙarfe ta jikinta ta ƙare. Jiki kuwa in abinci ya yi mishi kaɗan, zuciya da ƙwaƙwalwa yake fara ba, gashi shi ne na ƙarshe a layi.

Alamominsa: gajiya, jiri in an miƙe, haki in an ɗan yi tafiya, cikin ido da tafin hannu su yi fari, farce na karyewa, wata ma ta riƙa sha'awar cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara. Tsutsar ciki, gyambon ciki da basir mai zubar da jini duk suna ƙara shi.

Haka tsohuwar da haƙora sunka zube ta koma kunu da shayi da burodi, ko mai yawan azumin nafila da ke sahur da ruwan shayi kawai. Gashi da furotin aka gina shi, abin da ke cikin wake da ƙwai da kifi da nono. In babu shi a kwano, ba zai fito a kai ba.

*DALILI NA 3: ZAZZAƁI, TIYATA DA BAƘIN CIKI*

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, taifot, tiyata, haihuwa, ramewa da sauri, ko mutuwar wani na jiki, kowanne na iya sa gashi mai yawa ya shiga hutu lokaci guda. Ba nan take yake zuba ba, sai bayan wata 2 zuwa 3. Shi ya sa wadda ta kwanta a ƙarshen damina takan ga gashinta na zuba cikin hunturu, ta manta da zazzaɓin, ta fara zargin kishiya ko maƙwabciya. Mu ji tsoron Allah game da zato. A ƙirga baya wata 3, sau da yawa amsar na nan.

Irin wagga zubewa takan tsaya da kanta cikin wata 6 in dalilin ya wuce, gashin kuma ya dawo da izinin Allah.

Masu takaba na cikin waɗanda abin ya fi samu, don wata 4 da kwana 10 ne, zubewar kuma a tsakiyarsu take zuwa. Ga baƙin ciki, ga rashin cin abinci, ga al'adar wasu gidaje ta barin kai ba wanki ba taza. Shari'a ado da turare ta hana mai takaba, ba ta hana ta tsafta ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Ummu Salama (R.A) tana ganin mai takaba ta gyara kanta da magarya da mai.

*DALILI NA 4: MAƘOƘO, SUGA DA MAGUNGUNA*

A gaban wuya akwai wata ƙaramar halitta mai daidaita aikin jiki, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Tana iya lalacewa ko wuya bai kumbura ba, kuma ta fi taɓa mata masu shekaru. In aikinta ya yi ƙasa: jin sanyi, kasala, ƙiba ba dalili, bushewar fata da ciki, gefen gira ya zube. In ya yi yawa: ramewa, zufa, bugun zuciya, rawar hannu. Duka biyun suna zubar da gashi, kuma awon jini kaɗai ke tabbatar da su. Ciwon suga da ba a kula da shi ba ma yana raunana gashi.

Wasu magungunan asibiti na hawan jini, na tsinka jini, na farfaɗiya da na ciwon daji suna zubar da gashi. Amma don Allah kada wata ta ajiye maganin hawan jininta saboda gashi. Shanyewar ɓarin jiki ta fi zubewar gashi muni nesa ba kusa ba. A koma wa likitan da ya rubuta, a gaya mishi, shi zai san abin da zai canza.

*DALILI NA 5: KITSO MAI TSAURI*

Wanga dalili da hannunmu muke jawo shi. Ana ganin kitso bai yi kyau ba sai ya ja gira sama, an kasa sujada da daɗi kwana biyu, har a sha maganin ciwon kai. Duk kitson da ya yi zafi ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gaban goshi, saiwa yake tumɓukewa. Da farko in an sassauta gashin na dawowa. In aka shekara 20 ko 30 ana ja a wuri guda, ramin ya mutu, ba man da zai tayar da shi.

A shekarar 2007 likitocin fata a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun duba kawunan jama'a, sunka tarar kusan mace 1 cikin 3 na da wannan zubewa ta jan kitso. Sun kuma gano haɗarin ya fi yawa in an yi kitso mai ja a kan gashin da anka sa wa rilaksa. Ƙananan kitso masu yawa, ƙarin gashi mai nauyi, tamke gashi da roba, da ɗaure ɗankwali tamau a layi guda kullum, duk aikinsu ɗaya.

*DALILI NA 6: RILAKSA, DAYIS DA ZAFI*

Rilaksa sinadari ne mai ƙarfi, dangin sodar da ake yin sabulu da ita. Yana miƙar da gashi ne ta hanyar karya ƙarfinsa, in ya daɗe kuma ya ƙona fata. Gashin tsufa da ma siriri ne, ba ya ɗaukar wannan.

Baƙin rini, wato dayis, akwai wani sinadari a cikinsa mai suna PPD. Yana sa wa wasu kumburin fuska da kai da ƙuraje masu ruwa, ko da sun daɗe suna amfani da shi lafiya. Guba ne kuma in anka sha, yana kashe ƙoda, don haka a nisanta shi da yara. Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Duk wanda ya yi baƙi ƙirin cikin mintuna, an haɗa shi da wani abu.

*DALILI NA 7: CUTUTTUKAN FATAR KAI*

Amosani da ƙwarƙwata suna sa susa, susa na karya gashi. Makero yakan zo da ɓawo da guntayen gashi, kuma kaka na iya ɗauka daga jikokin da take kwana da su ko mataji ɗaya. Makeron kai ba ya jin shafe-shafe kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na wasu makonni daga asibiti.

Akwai wadda malaman ɗibbu na da ke kira da'us sa'alab: a wayi gari a ga wuri zagaye sumul kamar an aske da reza. Mutane kan ce aljani ne ko sammu. Abin da ke faruwa shi ne sojojin jiki masu yaƙi da cuta sun yi kuskure sun far wa saiwar gashi. Saiwar ba ta mutu ba, kuma da yawa gashin na dawowa.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce mai farawa a tsakar kai tana faɗaɗa kamar zobe, fata ta yi santsi da sheƙi har ba a ganin ƙofofin gashi. Ta fi kama mata baƙar fata daga tsakiyar shekaru. Inda ta cinye ba ya dawowa, amma likitan fata na iya tsayar da ita kada ta ci gaba.

*TO, MENE NE MAGANI?*

Mu mutanen ƙasar Gwandu muna da gado a wanga fanni. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Tafarkinsu shi ne a san cuta, a kiyaye abinci, a yi magani, a dogara ga Allah. Haka za mu bi.

*1. A fara daga tukunya.* Kullum a samu ɗaya daga cikin wake, ƙwai, kifi, nama, nono, gyaɗa ko awara. Hanta sau ɗaya a sati, ko ta kuɗi kaɗan ce. Ganye kuwa Allah Ya hore mana: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuka. Gero da dawa sun fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe, don haka kada a raina fura da tuwo. A matsa lemun tsami a kwaɗon zogale, ko a ci gwaiba ko lemu bayan abinci, yana taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuwa yana hana shi, a jinkirta shi awa 1 bayan cin abinci. A yi miya da gishiri mai aidin. Mai azumin nafila ta gyara sahur.

*2. Wanki da magarya ko karkashi.* A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (S.A.W) ya koya wa mata wankan tsarki daga haila da ruwa da magarya. A daka busasshen ganyenta a tankaɗe, a dama cokali 3 da ruwan ɗumi, a shafa a fatar kai, a bari minti 15, a ɗauraye sosai. Karkashi, wanda wasunmu ke ce wa yoɗo, a jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, a tace. Yauƙin na warware gashi, mataji ya wuce ba tare da tsinkawa ba. Wanki sau ɗaya a sati ko kwana 10 ya isa. A daina wanke kai da omo ko sabulun wanki, suna busar da gashi ya koma kamar tsintsiya. A bari kai ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali.

*3. Mai.* Tirmizi ya ruwaito kwaɗaitarwa a kan cin man zaitun da shafa shi, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito falalar habbatus sauda. Ga haɗi mai sauƙi: man kaɗe cokali 4, a narkar da shi a kan ruwan zafi, a zuba man zaitun cokali 2 da man habbatus sauda ƙaramin cokali 1, a juya a bari ya daskare. A ɗan yayyafa wa gashi ruwa tukuna, sannan a shafa kaɗan, a murza fata da tafin yatsu minti 5, sau 3 a sati, musamman da hunturu. Aikin mai shi ne riƙe danshi da hana karyewa, ba ya ƙirƙirar sabon rami. Haka garin cebe da ake kawowa daga Chadi, tsawon gashi yake tsarewa. Mai amosani ta rage mai a fata, yawansa na ƙara shi.

*4. Albasa.* Wadda manyan motoci ke ɗiba daga Aliero zuwa Kudu tana da rabo a nan. A shekarar 2002 likitoci a ƙasar Iraƙi sun buga sakamakon gwajin da sunka yi kan masu da'us sa'alab. Mutum 23 sun riƙa shafa ruwan ɗanyar albasa sau 2 a yini, bayan sati 6 gashi ya fito wa 20. Cikin mutum 15 da sunka shafa ruwan famfo, 2 kaɗai gashi ya fito wa. Mutanen ba su da yawa, kuma a kan zagayen nan mai sumul anka yi gwajin, ba a kan zubewar tsufa ba, a riƙe wannan. Yadda ake yi: a goge albasa 1, a matse cikin ƙyalle mai tsafta, a shafa a wurin da auduga, bayan awa 1 a wanke. Kullum a yi sabo. A fara gwadawa bayan kunne. In ya yi ja ko kumburi a bari, kuma ba a sa shi kan ciwo.

*5. Lalle.* Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa lalle da katam su ne mafi kyawun abin canza furfura. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, da anka kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar kansa fari fat, an yi umurni a canza furfurar a kuma nisanci baƙi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ce rini da baƙi makaruhi ne, na lalle kuwa ba laifi. Lalle na lulluɓe sili ya ƙara mishi kauri, kai ya yi kamar ya fi cika. A kwaɓa garin zalla da ruwan ɗumi, a sa awa 2, a wanke, a bi da mai don yana busarwa. Sau ɗaya a wata ya wadatar. A sa shi bayan Asuba a wanke kafin Azahar, don ba a shafar alwala a kan kwaɓin lalle. Furfura kuma kada a cire ta, an hana, kuma cirewar na lahanta saiwa.

*6. A sassauta kitso.* A gaya wa makitsiya tun kafin ta fara: manya, sakwa-sakwa, a bar gashin gaban goshi. In ya yi zafi a warware a ranar, asarar kuɗin kitso ta fi asarar goshi sauƙi. Kada ya wuce sati 2 zuwa 3, a huta 'yan kwanaki, a riƙa canza wurin tsaga. A yi tsifa da mai a hannu, a taje daga jela zuwa gindi da mataji mai manyan haƙora. Ko ta fuskar ibada wannan ya fi: an yi wa mace rangwame ba sai ta warware kitso a wankan janaba ba, amma malamanmu sun ce in ya yi tsaurin da ruwa ba ya ratsa shi, ko an naɗe shi da zare mai yawa, sai an warware.

*7. Maganin asibiti.* Ga zubewar shekaru da gado akwai na shafawa mai suna Minoxidil, na kashi 2 da na kashi 5. Yana taimaka wa mata da dama, amma sai an yi wata 4 zuwa 6 kafin a ga canji, a farko zubewar kan ɗan ƙaru, kuma in an daina gashin da ya fito na komawa. Mai ciki da mai shayarwa ba su amfani da shi, mai ciwon zuciya sai da izinin likita. Ƙwayar ƙarin jini kuma a sha ta bayan awo ya nuna ana buƙata, a ɓoye ta daga yara don tana iya kashe yaro in ya haɗiye da yawa. Duk man da ba shi da lambar NAFDAC, ko wanda ake haɗawa da man bilicin, kada ya hau kai.

*WA ZA A KAI ASIBITI BA JINKIRI?*

• Wadda al'ada ta ɗauke mata shekara guda sannan ta sake ganin jini, ko ɗigo ne. Wannan ya fi batun gashi girma.
• Mai haki, jiri, kumburin ƙafa ko farin ido.
• Mai kumburin wuya, ko ramewa ba dalili.
• Wadda gashin kai ke zuba, gemu na fito mata da sauri, murya na kauri.
• Mai zafi, ruwa, ƙuraje ko sheƙi a fatar kai.
• Wadda ta haura wata 6 zubewar ba ta tsaya ba.

A fara da babban asibitin Jega, Aliero ko Maiyama, a nemi awon jini da na suga, a tambayi na maƙoƙo. In ana buƙatar likitan fata, a nemi takardar turawa zuwa Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A tafi da duk magungunan da ake sha, na bature da na gargajiya, a nuna.

*ƘARIN GASHI FA?*

An yi wannan tambaya tun zamanin Annabi (S.A.W). Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u ɗiyar Abubakar (R.A) cewa wata mata ta zo ta ce ɗiyarta amarya ce, ƙyanda ta zubar mata da gashi, ko ta ƙara mata? Bai yarda ba, ya kuma ambaci tsinuwa ga mai ƙarawa da mai neman a ƙara mata. Ku duba, ga lalura ga biki, amma ba a ba da dama ba. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kan zare da ulu da ba su kama da gashi, wadda ke son sani ta tambayi malamin da ta amince da shi. Ta fuskar lafiya dai, rataya nauyi a kan saiwar da ta riga ta raunana ƙarasa ta ne.

*NASIHA GA MAIGIDA DA ƊIYA*

Maigida, wagga baiwar Allah da gashinta cike ta shigo gidanka. Haihuwar ɗiyanka da shayar da su na cikin abin da ya ci jikinta. Kada ka yi mata ba'a ko da wasa, ballantana gaban abokiyar zamanta. Maganar da kai ka manta da ita kafin La'asar, ita tana iya shekara tana ci mata rai. Kuɗin awon jini da ƙwai da kifi sun fi amfani a kan kwalabe goma na masu talla a mota ranar kasuwa.

Ɗiya mata, ku riƙa duba kan iyayenku, ku tsefe musu ku wanke, lada ne. Ƙananan yara kuma a daina yi musu kitso suna kuka. Goshin da ke zubewa a shekara 50, tun ana 'yar 7 ake fara ja mishi.

Ke kuma uwa, ki yi haƙuri da magani. Gashi a hankali yake tafiya, abin da anka fara yau sai bayan wata 3 zuwa 6 ake ganin amfaninsa. Kada ki riƙa tsalle daga wannan mai zuwa wancan duk sati. Ki riƙe zikirin safe da maraice, ki yi addu'a, ki samu barci. Darajarki a wurin Allah ba a gashi take ba, furfurar da kika yi cikin Musulunci kuwa an yi bushara haske ce ranar Alƙiyama.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da sunka riga mu, Ya sa tsufanmu ya yi albarka. Wanda ya karanta ya tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai buƙata tana jin kunyar tambaya.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.